Buɗe Baki, Lu'ulu'u

Kowace safiya kafin ya buɗe shago, Mai Haƙori yakan zauna a kujerar ƙarfe a tsakar gida, ya matse 'yarsa tsakanin gwiwoyinsa, ya ce, "Buɗe baki." Ita kuma ta buɗe, ta runtse ido. Shekararta bakwai, kuma tun ba ta iya magana sosai ba ake yi mata haka.

Shagon a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gida. Akwai kujera mai jingina da ya saya a gwanjo, da madubi, da haƙoran roba da yake haɗa wa tsofaffi, da wata babbar kwalba a kan kanta cike da ruɓaɓɓun haƙoran da ya cire wa mutane. Bai taɓa taka makarantar likitanci ba, amma duk unguwa Likita take ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ba shi da allon talla a ƙofa. Tallarsa 'yarsa ce. In mai ciwon haƙori ya zauna yana tsoro, sai ya ɗaga murya ya kira ta, ta shigo ta yi murmushi, ya ce a dubi aikin gidan nan. Haƙora farare tas, a jere kamar an auna su da zare. Shi ya raɗa mata Lu'ulu'u, sunan ya bi ta har makaranta. Direban tasi da ke maƙwabtaka da su yakan ce da za a ara masa bakin nan na yini ɗaya, da ya je banki sun ba shi sabuwar mota.

Rabon uwar Lu'ulu'u a sana'ar shi ne tukunya. Da ta goya jaririnta da safe sai ta ɗora ruwa, ta zuba ƙarafan mijin ta tafasa su: awartaki babba da ƙarami, ƙarfen zaƙulo saiwa, almakashi, ɗan madubin baki. Ta san su kamar yadda ta san cokulan kicin ɗinta. Daga inda take tsugune tana ganin kujerar ƙarfen, saboda haka ita ta fara lura da ranar da kumfar da yarinyar ta tofar ta fito da ja-ja.

Ta yi masa magana. Ya ce alawa ce ake ba ta a makaranta, ya ƙara danna buroshin.

Jinin bai tsaya ba. Dasashin ya fara kumbura, ya yi jawur, yana hawa kan haƙoran har ya rufe rabinsu. Yarinyar da ba ta zama wuri ɗaya ta koma mai kwanciya a kan jakar makaranta tun kafin ta cire takalmi. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. In uwar na yi mata wanka sai ta ga taruwar jini baƙi-baƙi a damatsanta, daidai inda gwiwoyin uban ke matse ta, da wasu a ƙafa inda ba wanda ya taɓa. Fuskarta ta yi fari-fari kamar wadda aka wanke da toka.

Uban bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Baki kawai yake dubawa. Ya ce ƙazanta ce ta taru a ƙarƙashin dasashi, buroshin yara ba zai kai ta ba. Ya shiga shago ya fito da wanda yake wanke haƙoran roba da shi, mai tauri kamar na goge takalmi, ya tsoma shi a gishiri. Ran nan ne Lu'ulu'u ta fara ihu a kujerar. Ya danne mata haɓa da hannu ɗaya, ya ci gaba da dirza da ɗayan, jini na bin wuyan hannunsa yana ɗiga a siminti. Uwar ta saki murfin tukunya ta ruga. Bai ko waiwayo ba, ya tokare ta da gwiwar hannu a ƙirji, ta koma da baya ta bugu da ƙyaure, jaririn da ke bayanta ya tsanyare da kuka.

Inna, uwar mijin, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo. Da aka gama ta kira surukarta ta yi mata nasiha. Ta ce ita da gawayi da gishiri ta goge bakin ɗanta har ya girma, ga shi yau da baki yake ci da su duka. Ta ce matan yanzu yaro ya yi tari sai su ɗora hannu a ka. Mutumin da gari guda ke kawo wa bakinsa, shi za a koya wa bakin 'yarsa?

Abin da ya ƙara tunzura shi a shago ya faru. Wata mai sayar da atamfa ta zo da kumburarren kumatu, ta ga awartaki ta fara ja da baya. Ya kira Lu'ulu'u kamar kullum. Ta shigo tana dafa bango, ta yi murmushin da aka koya mata. Jini ya cika tsakanin haƙoran. Direban, da ke zaune a benci yana jiran hira, ya ce, "Kai Likita, yau lu'ulu'un namu ya koma murjani." Mai atamfa ta tashi ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ba ta dawo ba.

Ya rufe shagon da rana tsaka. Ya zare bel ɗinsa. Ya ce da gangan yarinyar take yi, tana tauna leɓe don ta kunyata shi a gaban mutane. Uwar ta kifa jikinta a kan yarinyar, rabin dukan ya sauka a bayanta, amma inda ya sami Lu'ulu'u kafin yamma ya kumbura ya yi baƙi kamar an buga da taɓarya. Uwar ta kira yayan mijin a waya tana kuka. Yaya ya ce ta yi haƙuri, kishin sana'a ne, kuma tsakanin uba da 'yarsa ba a shiga. Ya ce zai yi masa magana in ya sami sarari.

Ranar rigakafin jariri ta tafi da Lu'ulu'u ƙaramin asibitin unguwa, don yarinyar ta daina zuwa makaranta kuma ba ta son barin ta a gida. A ranar wata likitar haƙori tana zagaya layin iyaye tana duba bakin yara. Da ta iso kansu ta durƙusa ta ce, "'Yan mata, buɗe baki in gani." Lu'ulu'u ta wangale baki nan take, ta runtse ido, ta ƙanƙame zanen uwarta da hannu biyu. Likitar ta dubi hannayen, ta dubi uwar, sannan ta haska fitila.

Ta daɗe tana dubawa ba ta taɓa komai ba. Ta ja fatar idon yarinyar ta ga ciki fari fat. Ta naɗe mata hannun riga. Ta tambayi zazzaɓi, ta tambayi kasala, ta tambayi ko ƙaramin rauni yana daɗewa yana jini. Duk uwar ta ce e. Sai ta ja su gefe, inda sauran mata ba za su ji ba.

"Maman yarinya, wannan ba ƙazanta ba ce. Bakinta ya fi na kowane yaro a layin nan tsabta."

Ta yi mata bayani a hankali. Akwai ciwon da ke cikin jini amma a baki yake fara nuna kansa, da kumburin dasashi da jinin da ba ya tsayawa. Ba za ta iya yanke hukunci ba sai an gwada jini, amma cikin abubuwan da take tsoro akwai sankarar jini, kuma in an kama ta da wuri yara da yawa suna warkewa. A kai ta babban asibiti yau, za ta kira su ta ce suna tafe. Kafin nan abu biyu. Kada buroshi ya sake shiga bakin, auduga mai ɗan ruwa ta isa. Sannan ta nuna wani haƙori na gefe da kumburin ya sa yake girgiɗi tun lokacin faɗuwarsa bai yi ba.

"Wannan kada kowa ya taɓa shi. Ko waye. In aka cire shi jinin zai iya ƙin tsayawa."

Uwar ta fito. Ta tsaya a bakin titi tana duban motocin da ke tafiya babban asibiti. Jariri ya fara zafin allura yana ƙananan koke-koke, kuma ba ta taɓa yin nisa haka ba tare da ta faɗa wa mijinta ba. Ta ce a ranta ko dutse ne zuciyarsa, in ya ji sunan ciwon nan zai yi laushi, shi da kansa zai ɗauke su. Ta juya gida.

Cikin duk abin da ta faɗa wa mijin, kalmar likitar haƙori kaɗai ya ji.

"Bakin 'yata kika kai wa wata?"

Marin farko ya fasa mata leɓe. Na biyu ya kai ta ƙasa. Ya ce ta je ta tallata shi a gaban maƙiyansa, mutanen da suka daɗe suna so a rufe masa shago. Ya ce su ba abin da suka iya sai tsorata mata da manyan sunaye. Ya fizgo Lu'ulu'u ya buɗe bakinta da yatsa, ya girgiza haƙorin na gefe, ya ce ga ciwon nan, shi ne ya ruɓe yake zuba dafi a dasashi. Gobe da safe zai cire shi kowa ya huta. Ya sa wa ƙofar gida kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya ce wadda ta fita da yarinyar nan ta fita da aurenta. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin sankara a jikin ɗan yaro ba, a daina ja musu mugun abu da baki.

Gari ya waye uwar ta ɗora ruwa kamar kullum. Amma ba ta zuba ƙarafan ba. Ta tattara su kaf, har da tsohon awartakin da ya yi tsatsa a ƙasan durowa wanda shi kansa ya manta da shi, ta naɗe su a zanen goyo, ta nutsa su a ƙasan duron ruwa. Ta sake bin shagon da ido. Babu ƙarfe ko ɗaya da zai iya kama haƙori.

Lu'ulu'u na kwance da zazzaɓi, ba za ta iya tafiya ba, ɗaukarta kuma sai an bi ta gaban Inna. Uwar ta raɗa wa yarinyar a kunne ta kwanta kada ta tashi, yanzu za ta dawo da mota. Mijin na wanka. Ya riga ya buɗe shago don masu sammako sun fara zama a benci. Ta bi ta nan da jariri a baya, ta gaishe su kamar mai zuwa sayen sabulu.

Direban yana wanke mota. Ya fara tsokanarta da cewa yau matar Likita ce da kanta, sai ya ga leɓenta, ta ce ya kai su babban asibiti. Ya ce bari ya ɗauraye kumfar. Ta ɗauki bokitin ta watsa wa gilashin, ta ce an ɗauraye.

Tun daga ƙofar shago ta ji sautin. Wani gurnani ne daga maƙogwaro, irin na wanda aka cusa wa hannu a baki. Ta kutsa tsakar gida. Kujerar ƙarfe, gwiwoyi, Inna a tsaye ta riƙe kan yarinyar ta baya tana cewa yi haƙuri, yanzu za a gama. Kafin uwar ta kai gare su ya murɗa hannu ya fizge.

Ya ɗago yana haki, ya nuna mata auduga a tafin hannunsa.

"Kin ɓoye ƙarfe. Kin manta da yatsu na fara sana'ar nan? Haƙorin yaro ba ya buƙatar awartaki."

Ya buɗe audugar don ya nuna mata ruɓar. Haƙorin fari ne sol, babu rami, babu ɗigon baƙi. Ta gani. Shi ma ya gani, ya yi sauri ya dunƙule hannu.

Ya cusa wa yarinyar sabuwar auduga ya ce ta cije. Kafin ya miƙe ta jiƙe. Ya sa wata. Ya ce kullum haka yake yi sannan ya tsaya, shekara nawa yana wannan aiki. Ya sa ta uku, ya danna da babban yatsa har kan yarinyar ya lanƙwashe baya. Jinin ya biyo gefen yatsan, ya sauka a haɓa, ya jiƙa gaban riga. Lu'ulu'u tana haɗiya tana shaƙewa, can ta yunƙura ta amayar da abin da ta haɗiye a kan ƙafafunsa. Inna ta saki kan ta ja da baya tana salati.

Uwar ta sunkuci 'yarta ta saɓa a kafaɗa. Ƙofar gida a kulle take, saura ta shago. Ya riga ta isa ya tare da jikinsa. Ya rage murya, ya ce akwai mutane a benci, ba za ta bi ta gabansu da yarinya haka ba, ta bari ya kawo ƙanƙara, ta bari su watse tukuna.

Tukunyar na kan wuta tana tafasa, babu komai a cikinta sai ruwa. Ta kama hannun tukunyar da gefen zane ta ɗaga da hannu ɗaya. Tururi ya tashi tsakaninsu.

"Matsa, Baban Lu'ulu'u."

Ya dubi idonta, ya matsa.

Ta dire tukunyar, ta ratsa shagon. Masu jira suka miƙe tsaye, wani tsoho ya cire hannu daga kumatunsa ya bi jinin da ke zuba a bayanta da kallo. Direban ya buɗe ƙofar baya. Har suka isa hannunsa na kan ham.

A babban asibiti an karɓi yarinyar daga hannun uwar da gudu. An ƙara mata jini, an ƙara mata abin da ke sa jini ya daskare, sai can da rana zubar ta tsaya. Gwaji ya tabbatar da abin da likitar haƙori ta ji tsoro. Likitan yara ya zaunar da uwar ya ce hanyar doguwa ce amma akwai fata. Ya ce maganin da za a riƙa sa mata ta jijiya zai zubar da gashinta, zai busar da bakinta, ya fito mata da gyambuna a harshe da cikin kumatu. Kuma da yake garkuwar jikinta za ta yi ƙasa, ƙaramin gyambo a baki zai iya zama babbar matsala, saboda haka dole a duba bakin kullum, a tsabtace shi a hankali.

A nan aka tsaya. Lu'ulu'u ta ƙi buɗe baki. Da ma'aikaciyar jinya ta ce buɗe, sai ta datse haƙora, jikinta ya sandare, ta ja bargo ta rufe fuska. An lallashe ta, an kawo 'yar tsana, an yi mata alkawarin komai. Gyambunan suka fito kamar yadda aka faɗa, tana jin zafinsu har ba ta iya haɗiye yawu, amma ba ta yarda a gani.

Uwar ta roƙe su su daina faɗin kalmar. Ta riƙa zama a bakin gado da kofin ruwan ɗumi da auduga, ta buɗe nata bakin, ta goge fasasshen leɓenta a hankali yarinyar na kallo, ta ajiye, ba ta ce mata ta buɗe nata ba. Haka ta yi ta yi safe da yamma. Wata rana Lu'ulu'u ta ɗan raba leɓe, iya shigar ɗan yatsa. Uwar ta goge abin da ta samu, ba ta nemi ƙari ba.

A makon ne suka zo dubiya, uban da Inna da Yaya. Yaya ya ce wa zai taɓa sanin abin da ke cikin jini, ai niyyarsa taimako ce. Inna ta ce abin da Allah ya rubuta ba makawa, kuma in an duba da kyau, ba don an cire haƙorin ba da har yanzu ba a gano ciwon ba. Shi kuwa ya fito da sabon buroshi a leda ya ajiye a kan durowa, ya ce mai laushi ne, da kansa ya zaɓa. Daidai nan likitan ya shigo zagaye. Mai Haƙori ya gyara tsayuwa, ya gabatar da kansa a matsayin abokin aiki, ya juya ga gadon.

"Lu'ulu'u, buɗe baki ki nuna wa likita."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dunƙule wuri ɗaya, fitsari ya jiƙa zanen gadon.

Uwar ta ɗauki buroshin ta danƙa masa a hannu, ta tura shi har baranda. Jaririn da ke bayanta ya ga ubansa ya washe baki yana dariya, sai ga ɗan farin abu ya tsaga dasashin ƙasa. Fuskar mutumin ta haskaka. Ya ce ashe ya fara haƙori ba a faɗa masa ba, ya miƙa yatsa. Ta cafke wuyan hannunsa a sama.

"Wannan bakin ma ba za ka taɓa shi ba."

Ta koma ciki ta canja zanen gado, ta wanke hannu, ta jiƙa auduga, ta zauna. Aikin da ta yi kwanaki tana yi ya rushe, sai ta sake daga farko.

A unguwa har yanzu Likita ake ce masa, bencin kuma yana cika, sai dai direban ya daina zuwa hira. Labarin da ke yawo shi ne na matar da ta ɗaga wa mijinta tafasasshen ruwa a gaban uwarsa, ta kwashe masa 'ya'ya ta tare a asibiti. Mata suna kama baki in an faɗa. Ba wanda ke tambayar abin da ya sa ta ɗaga shi. Haƙorin kuwa yana cikin kwalbar da ke kan kanta, tare da sauran. Duk wanda ya zauna a kujerar ya ɗaga kai zai iya ganinsa, ɗan ƙarami a jikin gilashi, shi kaɗai ne babu rami a jikinsa.